Kundin aikin watan 'yan Ayalan a unguwar Woodlawn, 2025

Asabar, 11 ga Janairu

Yau kwamitin ya yi zamansa na farko a ɗakin ƙasa na wani gida kusa da titin Katonah, a unguwar Woodlawn da ke ƙarshen arewacin Bronx a birnin New York. Mu tara ne, ni kaɗai Bahaushe. Abokin aikina a garejin bas ne ya jawo ni, jikan mutanen gundumar Kerry ta ƙasar Ayalan. Ya san ni nake haɗa kayan abincin azumi a masallacinmu duk shekara, ya ce suna neman wanda ya saba da lissafin buhu da katan.

Tun 1991 ake ware watan Maris a Amurka don tunawa da gudummawar 'yan asalin ƙasar Ayalan. Jama'a ce mai yawa: sama da mutum miliyan 30 a nan ke cewa tushensu can yake, alhali tsibirin kansa, kudu da arewa, bai wuce miliyan bakwai da 'yan kai ba. A Woodlawn ba sai an gaya maka ba. Tutar kore da fari da ruwan lemo na rataye a ƙofar shaguna, kuma har gobe samari na sauka daga can su kama aikin gini da kafinta.

Shugabarmu nas ce da ta yi ritaya, haifaffiyar gundumar Mayo. Ni Mama nake ce mata, ta kuma amsa. Da buɗe baki ta ce ta gaji da bikin da ba ya wuce koren riga da shaye-shaye. Abu uku aka tsayar: alluna shida na tarihi da za a baje, tattara kayan abinci don rumbun taimako na unguwa, sai walimar tsofaffi ranar Asabar 15 ga Maris. Alluna da tattara abinci ne a wuyana.

Kasafi dala 2,500. Abin da ke hannun ma'aji dala 900 ne, ragowar bara. An ba da dala 200 kafin alƙalami na zauren taro.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wurin tunawa da babbar yunwar Ayalan da ke Battery Park City, a ƙasan Manhattan, domin ba na son in rubuta allon farko daga takarda kawai. An buɗe wurin a 2002. Gangaren gona ne aka ɗora a tsakiyar dogayen benaye, da ciyayin da aka kawo daga Ayalan, da duwatsu daga kowace ɗaya cikin gundumomi 32 na tsibirin, da kangon wani gidan dutse da aka kwance daga Mayo aka sake ginawa a nan.

Ga abin da zai hau allon. Daga 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin turawa a cikin ƙasa, kuma dankalin shi ne abincin talaka safe da dare. Kafin 1852 kusan mutum miliyan ɗaya sun mutu, sama da miliyan ɗaya sun bar ƙasar. Ƙidayar 1841 ta samu mutum fiye da miliyan takwas, ta 1851 ta samu kamar miliyan shida da rabi, kuma har yau tsibirin bai koma adadinsa na farko ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a cikin waɗannan shekarun ba a daina fitar da hatsi da shanu daga tasoshin jiragen ruwan ƙasar zuwa Ingila ba. Manomi ɗan haya ne a gonar wani, hatsin da ya noma na biyan haya ne, dankalin ne nasa. Wanda ya kasa biya a rushe masa gida. Duk wanda ya ji labarin fari daga bakin kakanninsa a ƙasar Hausa ya san rashin ruwa ko cutar shuka daban, wanda ke riƙe da rumbu daban. Na rubuta allon a kan haka, ban sassauta ba.

Allo na biyu na waɗanda suka miƙo hannu daga nesa ne. A 1847 ƙabilar Choctaw, da gwamnatin Amurka ta kora daga ƙasarsu shekaru kaɗan kafin nan, suka tara dala 170 suka aika. A shekarar ce kuma Sarkin Daular Usmaniyya, Sultan Abdulmajid, ya ba da fam 1,000. Mutanen Ayalan ba su manta ba: akwai gunkin fuka-fukan ƙarfe a garin Midleton na gundumar Cork don girmama Choctaw, kuma a 2020, lokacin korona, suka yi ta tura kuɗi ga ƙabilun Navajo da Hopi.

Laraba, 22 ga Janairu

Mun rasa zaure. Sanyin makon nan ya daskarar da bututun ruwa a rufin, ya fashe cikin dare, ruwa ya kwana yana zuba. Na bi ta can bayan na tashi aiki. Silin ya zubo, katakon ƙasa ya kumbura, kicin ɗin da muka dogara da shi babu wuta. Masu wurin sun ce gyara ba zai ƙare kafin Afrilu ba, kuma za su mayar mana da kuɗinmu.

Matsalar ita ce a wannan unguwa duk wani zaure na watan Maris tun kaka ake kama shi: ƙungiyoyin gundumomi, makarantun rawa, 'yan ƙwallon gargajiya da ke wasa a Gaelic Park, kowa da liyafarsa. Mun raba sunayen wurare, kowa zai buga waya.

Asabar, 25 ga Janairu

Babu wuri tukuna. Na gama rubutun allo na uku, na ƙetare teku da sauka, har da Annie Moore, yarinyar Cork mai shekara 17 da aka fara yi wa rajista a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shigowa Amurka a da, ranar 1 ga Janairu 1892.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An samu zaure, a ɓangaren Yonkers, 'yan taku daga titin McLean. Dala 750, wato ƙarin 150 a kan na farko. Ranaku biyu suka rage musu, Juma'a 14 ko Lahadi 16 ga Maris. Juma'ar ba ta yiwu ba, domin azumin Katolika zai kama tun 5 ga Maris, kuma ba sa cin nama ranar Juma'a a cikinsa. Lahadi muka ɗauka.

Sai aka zo maganar giya, zaman ya ɗan yi zafi. Mutum biyu sun ce walimar da ba kwalba a tebur tsofaffi ba za su ɗauke ta walima ba. Na faɗi nawa a fili: zan dafa, zan raba, zan wanke, amma ba zan ɗauki giya ba, kuma samarin da nake sa ran kawowa daga masallaci ba za su shiga ba. Ban ce a hana kowa ba. Wanda ya kashe maganar wani dattijo ne, tsohon ɗan kwana-kwana, da ya nuna ƙaramin bajen da ke maƙale a kwat ɗinsa. Na ƙungiyar Pioneer ne, ta masu alkawarin barin giya, wadda aka kafa a Dublin a 1898. Ya ce tun yana saurayi ya ɗauki alkawarin, kuma ya tuna musu da Fada Theobald Mathew na Cork, wanda ya fara wannan kira a 1838 har ya zo Amurka da shi. Ya ce wannan ma gadonsu ne, ba a dai buga shi a jikin riga ne. Ma'aji ya ƙara da cewa inshorar taron da ba giya dala 175 ce, mai giya kuwa ta ninka. Shayi aka tsayar.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Murar tsuntsaye ta shiga lissafinmu. Jiya gwamnatin jiha ta sa a rufe kasuwannin kaji masu rai na New York da kewaye na ɗan lokaci, ƙwai kuma ya yi tsadar da wasu kantuna ke ƙayyade wa mutum abin da zai saya. Na so a yi kaza ga waɗanda ba sa cin jan nama, an soke. Burodin soda kuwa Mama ta ce na can gida ba ya buƙatar ƙwai ko kaɗan: fulawa, gishiri, bekin soda da nono mai tsami, shi ke nan.

Babban abincin naman gishiri ne da kabeji da dankali. Abokin aikina ya ba ni tarihinsa: a Ayalan naman alade ake haɗawa da kabeji, a New York ne baƙi suka koma sayen naman ƙirjin sa mai gishiri a wurin mahauta Yahudawa maƙwabtansu, don ya fi sauƙi. Na ce tunda haka ne ba sabon abu ba ne a canza mahauci. Za mu sayi ƙirji kilo 30 a wurin mai yankan halal, mu jiƙa da kanmu. Ya yi mana dala 520.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kafin alƙalamin zauren farko ya dawo. Shagunan Katonah da McLean sun ba da dala 640 zuwa yanzu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Allo biyu suka cinye mini mako.

Na huɗu na aiki ne. Leburorin Ayalan da suka haƙa magudanar Croton wadda ta fara kawo wa New York ruwan sha a 1842, matan da suka yi aikatau a gidajen masu kuɗi suna tura abin da suka samu gida, da Mike Quill, ɗan Kerry, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ma'aikatan sufuri a 1934. Ita ce ƙungiyata a yau. Shi ya jagoranci yajin aikin kwana 12 a Janairun 1966, aka kulle shi, ya rasu a ƙarshen watan. Albashina da hutuna suna da hannun wannan mutum a ciki.

A allon nan na sa tarzomar Yulin 1863, lokacin da gungun talakawa, akasarinsu 'yan Ayalan, suka yi bore kan dokar tilasta shiga soja, suka juya kan baƙar fata, suka kashe mutane, suka ƙone gidan marayun baƙar fata da ke titin Fifth Avenue. Wani a kwamitin ya ce wannan ba wurinsa ba ne, biki muke yi. Na ce yaran da za su karanta allunan, har da nawa, za su ci karo da labarin a makaranta, gara su gan shi a nan an faɗa da gaskiya. Mama ta ce a bar shi, a kuma sa a gefensa zuwan Frederick Douglass, tsohon bawa baƙar fata mai yaƙi da bauta, Ayalan a 1845 da haɗuwarsa da jagoran siyasar Ayalan Daniel O'Connell, wanda bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga bauta ba. Haka aka yi, kuma allon ya fi kyau da duka biyun.

Na shida shi ne dalilin da ya sa na riƙe aikin nan da hannu biyu. A shekarun 1980 tattalin arzikin Ayalan ya durƙushe, dubban matasa suka shigo Amurka suka zauna ba takardu. Maimakon kowa ya ɓuya a ɗakinsa, sai suka kafa ƙungiyar neman gyaran dokar shige da fice a 1987, suka yi ta sintiri a majalisa. Daga nan aka samu dokar 1990 da 'yan majalisa Bruce Morrison da Ted Kennedy suka tsaya mata. A shekaru uku na farko an ware wa 'yan Ayalan kashi 40 cikin 100 na biza 40,000 a kowace shekara. Daga 1995 ta zama bizar ƙuri'a ta dindindin, 55,000 a shekara, wadda muke ce wa lotiri. Da ita na shigo ƙasar nan, kafin a cire Najeriya daga cikinta a zagayen 2015. Da ita mutane da yawa na masallacinmu, daga Nijar da Gana da Togo, suka shigo. Ƙofar da wasu suka buga don kansu, mu ma muka bi. Ofisoshin taimakon baƙi da suka buɗe a lokacin, irin su Emerald Isle da ke nan Katonah, suna karɓar kowa, ba sa tambayar asali.

Bayan sallar azahar na faɗi wannan a masallaci. Liman ya ce: "Malam, in dai haka ne ai bashi ne a kanmu." An tara dala 310 nan take, samari shida sun ba da suna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Alluna sun dawo daga wurin buga takardu, huɗu cikin shida da matsala. A ƙasan kowane allo na sa taƙaitaccen bayani da Hausa da Sifaniyanci, a sama kuma kanun da harshen Ayalan. Na'urarsu ba ta gane haruffanmu masu lanƙwasa ba, duk ta mai da su akwatuna, ta kuma haɗiye alamomin da ke kan wasulan harshen Ayalan. Hoton kangon gidan Mayo ya fito duhu, ba a rarrabe dutse da sama. Mai wurin ya ce abin da aka turo ya buga. Na nuna masa samfurin da muka sa wa hannu, haruffan na nan daram. Bayan doguwar magana ya yarda a raba asarar, mu ƙara dala 90. Wannan karon an mai da rubutun hoto kafin a tura, kuma sai na ga gwaji a takarda kafin a hau allo.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Mun ajiye kwalayen tattara abinci a shaguna bakwai, da ƙofar coci, da ƙofar masallaci.

Alhamis, 6 ga Maris

Nama ya shiga ruwan gishiri: gishiri, sukari, tafarnuwa, masoro, kanumfari da ganyen bay, a manyan robobi uku cikin firjin wani mai gidan abinci da ya ara mana wuri. Kwana goma zai yi, ana juya shi. Gyararrun alluna sun iso lafiya.

Allo na biyar na hidima ne, kuma a nan Kano ta shigo. Matan zuhudu na St Louis daga gundumar Monaghan sun sauka Kano a 1948 suka buɗe makaranta, kuma tun 1961 Katolikan Najeriya suka ɗauki St Patrick a matsayin waliyyin ƙasar. Wata tsohuwa da ta ga allon ta ce gwaggonta ta koyar a arewacin Najeriya, za ta nemo hotuna. A allon kuma akwai Fada Mychal Judge, limamin 'yan kwana-kwanan New York, ɗan baƙi daga gundumar Leitrim, wanda ya mutu a bakin aiki ranar 11 ga Satumba 2001.

Lahadi, 9 ga Maris

Daren jiya aka tura agogo gaba da awa ɗaya. Jiya mun sha ruwa kafin ƙarfe shida, yau sai wajen bakwai. Takardar gayyata ta ce abinci ƙarfe shida, ranar walima kuwa rana ba za ta faɗi ba sai bakwai da 'yan mintuna. Wasu sun ce a ɗaga abincin zuwa bakwai a ci tare. Mama ta ƙi, kuma da gaskiyarta: akwai masu ciwon suga, akwai masu shan magani a kan lokaci, motar da za ta mayar da wasu gida takwas take tashi. Na tuntuɓi samarin, suka ce raba abinci da azumi a baki ba baƙon abu ba ne. Tsofaffi za su ci a kan lokacinsu, mu mu sha ruwa a namu.

Alhamis, 13 ga Maris

Tantance kaya har dare. Katan 46 aka tara. Kusan katan huɗu gwangwanaye ne da lokacinsu ya wuce ko suka lotsa, an zubar. Taliya da miyar gwangwani sun yi yawa, mai da shinkafa da madarar jarirai sun yi kaɗan, kuma su rumbun ya fi nema. Mun ware masu naman alade a kwalaye daban da alama, domin rumbun na ciyar da Musulmi da yawa. Baɗi a rubuta abin da ake buƙata a jikin kowane kwali tun ranar farko.

Lahadi, 16 ga Maris

Mutum 83 suka zauna, mun shirya wa 80, abinci ya isa. Naman ya yi laushi amma gishiri ya ɗan yi yawa a roba ɗaya, sai muka sake tafasa shi a sabon ruwa, abin da ya jinkirta rabo da minti 20. Wani ɗan sanda mai ritaya ya busa algaitar jaka kyauta, yara mata daga makarantar rawa suka taka. Tsofaffi sun fi daɗewa a gaban allo na uku, suna ba da labarin daren ban kwana da ake yi wa mai tafiya Amurka a da, a kwana zaune kamar zaman makoki, don an san da wuya a sake ganinsa. A gaban na shida wani mai gini ya ce shi ma shekara biyar ya yi ba takarda kafin bizar Morrison ta fito masa, ya kama hannun wani saurayinmu ɗan Damagaram suna ta kwatanta wahalar jira.

Da magariba ta yi, Hajiyar da ta taya mu girki ta fito da dabino da kunu da ƙosai. An ba mu ɗakin ajiyar kujeru muka yi salla. Kusan rabin tsofaffin ba su tafi ba sai da muka ci, ƙosan kuma bai kai ko'ina ba.

Abin da bai yi ba: makirufo ya yi ta yankewa, na bayan zaure ba su ji jawabin Mama ba, kuma ƙofar masu keken guragu ta baya ce, ba mu sa alama ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na ɗauki hutu na kai yara faretin ranar St Patrick, waliyyin Ayalan, a titin Fifth Avenue, karo na 264 tun 1762. Ba mota, ba motocin ado, kowa a ƙafa, daga titi na 44 zuwa na 79, rundunar soja ta 69 a gaba kamar yadda ta saba tun 1851. Na fi kallon ƙungiyoyin gundumomi, kowace da tutarta. Irin ƙungiyoyin 'yan gari ne da muke da su, sai dai nasu sun daɗe suna riƙe da asusu da rajista da kuɗin karatun yara. Mama ta wuce a bayan tutar Mayo da sandarta.

Asabar, 22 ga Maris

Zaman rufe lissafi. Abin da ya shigo dala 2,710: ragowar bara 900, shaguna 1,050, masallaci 310, wata ƙungiyar gunduma da 'yan fansho 450. Abin da ya fita 2,595: zaure 750, inshora 175, alluna 570, nama 520, kayan lambu da fulawa da shayi 390, faranti da kofuna 130, man mota 60. Saura 115. Katan 42 sun isa rumbun taimako ranar Talata, an ba mu rasit.

An yarda tattara abincin ya zama na kowane wata uku, na gaba a Yuni, lokacin da makarantu ke rufewa yara su rasa abincin rana. Za a kama zauren baɗi kafin ƙarshen Satumba, a kuma nemi na biyu a ajiye. Allunan za su koma masallacinmu bayan sallah su yi mako biyu. Mutanen Nijar sun nemi a ƙara bayani da Faransanci, shi za a kashe wa ragowar kuɗin. Liman ya nemi a gayyato wani daga ofishin taimakon baƙi ya yi mana bayani kan takardun zama ɗan ƙasa. Tsohon ɗan kwana-kwana ya ce zai haɗa mu da su ranar Litinin. Zama na gaba Asabar 12 ga Afrilu.